Yadda Fuskata Ta Kashe Labarin Jirgi

Ku 'yan yanzu kuna cewa wasan kwaikwayo ba aiki ba ne, wai mutum ya shafa hoda, ya tsaya gaban na'ura, ya matso hawaye, shi ke nan. To ku zauna ku ji. Ni Kulu ce, ta unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba. Jikata Nafisa ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana miƙe mini harshe ya koma irin na makaranta. Na yarda, amma na ce mata maganar mutane ta bar ta yadda ta fito daga bakinsu. Na yi wannan sana'a tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kuma a cikinta akwai wani gurbi da babu wanda ya kai ni, daga nan har Argungu. Na faɗa, ba kuma zan rage ba.

Gurbin shi ne riƙon sirri. A kowane labari mai kyau akwai mutum guda da ke zaune a gefe, yana shara ko daka ko tsince shinkafa, ba wanda ya damu da shi, sai a ƙarshe a ga ashe duk abin da ya faru daga hannunsa ya fito. Ni ce wannan mutum. Sauran 'yan wasa aikinsu su sa a dube su. Ni aikina in tsaya a tsakiyar fili, rana tsaka, gaban garin mutane, kada a gan ni.

Masa nake soyawa a bakin wani kango lokacin da Malam Gado ya ɗauke ni. Mijina ya rasu, yara suna gabana, shi kuma Gado tsohon masinja ne da ya tara wasu samari da zawarawa suna gwajin wasa a cikin kangon da la'asar. Kullum a wurina yake sayen masa. Wata rana muka haɗu a kasuwa, na gaishe shi, ya amsa mini irin amsar da ake yi wa baƙo. Na ce, "Malam, ni ta hwa, mai masa." Ya tsaya ya dube ni tun daga kallabi har ƙafa, ya ce, "Kullum ina ganinki, amma ban san huskarki ba? Ke, baiwar Allah, wagga ba ƙaramar kyauta ba ta. Gobe ki aje tanda ki shigo ciki." Na ɗauka zagi ne. Na shiga ne don in rama.

Koyon da na yi ba irin naku ba ne. Damina guda da rani guda ban ce uffan a fili ba. Gado zai miƙo mini ƙwarya ya ce in ratsa tsakiyar masu gwaji in fita ta ɗaya ɓangaren. Bayan na wuce sai ya tsayar da su ya ce, "Wa yaw wuce nan?" In wani ya ce Kulu, na faɗi, sai in sake. Ya koya mini cewa ido yana bin wanda ke sauri, yana kuma bin wanda ke sanɗa, amma ba ya bin wanda ke tafiyar aikinsa. Ya koya mini kada in yi kamar ina shara, in share ƙasar da gaske, in tara dattin, in kwashe. Mai kallo yana gane sharar ƙarya ko daga nesa, kuma da ya gane zai tambayi kansa me ya kawo wannan mata. Ya tura ni kasuwa in zauna in ga su wane ne mutane ke ƙetarewa ba su gaisar ba. Na koyi zamansu, na koyi yadda suke janye ƙafa tun kafin a taka su. Ranar da na ratsa da ƙwarya har na zubar wa wani ruwa a ƙafa, aka tambaye shi ya ce shi bai ga kowa ba, ranar ce Gado ya ce na fara.

Kayan aikina duka a ƙunshi ɗaya suke shiga. Tsintsiyar kaba wadda ta cinye ta gajarce, don sabuwa tana da ƙara kuma tana da haske. Tsohon zane mai launin ƙasa. Toka don gashi, gawayi kaɗan don gefen ido. Zanen ma ba kowane tsoho ba. Rahila ce ke kula da wannan, telarmu, Kirista ce daga can wajen Filato, mijinta yana aikin famfo. Ita ta gane cewa tsumma mai yawan faci yana jan ido fiye da sabon leshi, don mutane suna son su ji tausayi. Sai ta nemo zane da bai yage ba, bai kuma yi kyau ba, ta wanke shi ta shanya har launinsa ya mutu. Tana miƙo mini tana cewa, "Ga shi, ƙawata, yau ma na ɗinka miki babu."

Ba mu da takarda. Gado yakan zaunar da mu ya ba mu ƙashin labari, wane ya yi kaza, wance ta ce kaza, ku cika sauran da bakinku. Amma ƙarshen ba ya faɗa wa kowa. Ko a gwaji, in aka zo kusa sai ya tafa hannu ya ce a tashi. Ni kaɗai yake faɗa wa, shi ma sai ranar wasa, muna tafe a hanya, yana gaba ina baya kamar ba tare muke ba, yana magana ba ya waiwayowa. Dalilinsa shi ne, in ɗan wasa ya san wa ke riƙe da sirri, idonsa zai je wurin ko ba ya so, idon jama'a kuma zai bi nasa. Wani lokaci ma ranar ba ni ce ba, ina sharata kawai, don su kansu abokan aikina kada su saba. Saboda haka in na ajiye tsintsiya na buɗe baki, firgitar da kuke gani a fuskar wanda ke gabana ba ta wasa ba ce.

Masu kiranmu iri-iri ne. Makarantu a ƙarshen shekara, malaman tsabta masu son a ja hankalin mata su kai yara lamba, wato rigakafi, ƙungiyar mahauta, manoman albasa in kaka ta yi kyau. Ma'aikatan Birnin Kebbi suna kallo hannu a ƙirji, dariyarsu ta hanci. Mutanen Argungu kuwa ba kallo suke ba, shiga suke yi. Za su ba ɗan wasa shawara, su zagi azzalumi har kakansa, wata tsohuwa ta taɓa tasowa ta raba faɗa. In kana son ka san ko labarinka yana da rai, kai shi Argungu.

A can na yi wasan irin shinkafa. Wani manomi ya ɓoye iri a tukunya, aka wayi gari babu, gida ya rikice. Ni ina gefe ina daka tun farko. Da aka gama zargin kowa, na jingine taɓarya na ce, "Ku bar yaron nan, ni nid dahwa shi, ranar da kunka kwana biyu ba ku ci komi ba kuna ce mani Allah shi yi albarka." Fili ya yi tsit, har ana jin kukan akuya daga wata unguwa. Sai wani masunci ya tuɓe hularsa ya buga da ƙasa ya ce, "Wallahi tun ɗazu tana nan! Gaban idona! Ni wane irin makaho na?" Duk abin da aka taɓa ba ni a wannan sana'a bai kai wannan hula ba.

Sai mutanen talabijin suka zo daga Sakkwato. Suka ɗauke mu a mota, suka kai mu wani ɗaki mai fitilu masu zafi kamar murhu. Mai na'urar ya ce shi ba zai yi aiki ba sai an faɗa masa ƙarshen labari, don ya san inda zai sa ido. Gado ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya faɗa. A fili, kowane mai kallo shi ke zaɓar inda zai duba, ni kuma in zame ta inda bai duba ba. Na'ura ita ke zaɓa wa mutum. Shi wannan bawan Allah, tunda ya ji ni ce, sai ya riƙa dawowa kaina, ina shara yana cika akwatin da fuskata, har zanen goshina. A wasan nan ni ce na ɗauke zoben amarya. Lokacin an sa talabijin na jama'a a unguwanni, a kan dakali a cikin keji, kuma ba su da shirye-shirye da yawa, sai suka yi ta maimaita namu. Kafin kaka ta zagayo, yaron da bai san sunan kakarsa ba ya san Mai Tsintsiya.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. A tasha direba yana sauko da wani ya ba ni gidan gaba. Mahauci yana ƙara mini tsoka. Waɗanda suka ce zawara mai wasa a gaban maza ba ta da mutunci, su ne suka riƙa aiko 'ya'yansu a gaishe ni. Gado kaɗai ne bai yi murna ba. Muna cikin kasuwa wata rana, mutane suna nuna ni, ya ce, "Kulu, an sace maki kayan aiki, ke kuwa kina godiya."

Wasan farko da muka yi bayan haka, a wata makarantar firamare, ina shigowa da tsintsiya yara suka ɗauki ihu, "Ga ɓarauniyar! Ga ɓarauniyar!" Ba a ma sace komai ba tukuna. Muka koma muka yi dabara. Rahila ta ɗinka mini tsummoki a ciki da baya na zama ƙatuwa, aka gane ni da tafiya. Na sa tsakuwa a takalmi na sauya tafiyar, aka gane ni da yadda nake riƙe ƙugu. Na lulluɓe har ido, aka ce duk wadda aka lulluɓe haka ai ita ce. Rahila ta zauna a kan keken ɗinkinta ta ce, "Ƙawata, sai dai in ɗinka ki cikin buhu in ce albasa ce. Shi ma za su ce albasar nan ce ta saci zobe."

Sai Gado ya juya abin. Ya shirya wasa don ƙungiyar mahauta, ya sa ni shara daga farko har ƙarshe, ba ruwana da komai, mai laifin wani ne daban. Jama'a suka zuba mini ido, ba wanda ya saurari abin da ake faɗa a tsakiyar fili. Aka kama mai laifi, aka yi hukunci, muka jeru muka rusuna. Ba wanda ya tashi. Wani ya ce, "Ba a ƙare ba, Mai Tsintsiya ba ta yi magana ba." Gado ya fito ya ce an ƙare. Sarkin fawa ya miƙe ya ce, "Malam, kai ka ga mun yi kama da yara? An ɗauko mace awa wagga don ta share muna ƙasa? Ko dai ku ƙarasa, ko ku ce cuta kunka zo yi." Ranar da ƙyar muka fita da zanar da muke kafawa a bayan fili. Nan muka gane ƙofa uku ce, kuma duka an rufe. In ni ce mai sirri, an sani tun ina shigowa. In ba ni ba ce, an ce mun yi zamba. In kuma aka bar ni a gida, ba mai kiranmu, don kowa Mai Tsintsiya yake tambaya.

A haka shekarar fari ta same mu. Ruwa ya ɗauke da wuri, shinkafa ta tsaya a fadama ba ta yi ido ba, gulbi ya ja baya har yara suna ƙetare shi da ƙafa a wasu wurare. Mai neman abin da zai sa a tukunya ba ya kiran 'yan wasa. Samarinmu suka watse, wasu Legas, wasu ƙwadago. Na koma kan tandar masa, ita ma ba ciniki. Gado kuma ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, sai an jingina shi da bango yake magana.

Cikin wannan hali wani dillalin albasa na Argungu, Alhaji Manu, ya aiko. Zai aurar da ɗansa, yana son a yi wasa a fili don gari ya ɗan manta da yunwa, a kuma san shi ya yi. Sharaɗinsa guda ne, Mai Tsintsiya ta fito. Gado ya aika aka kira ni. Na same shi a zaure, ya ce in zauna kusa, kuma karo na farko ya ba ni labari yana kallon fuskata.

Zan faɗa muku shi har ƙarshe, don babu abin da ya rage a ɓata. Wani masunci ne mai zafin kai, yana shirin ƙetare gulbi da 'ya'yansa zuwa wani buki, ruwa ya cika. Aka wayi gari an kwance jirginsa, ruwa ya tafi da shi. Ya zargi ƙanensa, suka raba gida. Ya zargi maƙwabcinsa, suka je gaban alƙali. Ya zargi matarsa da haɗa baki, ta kwashe kayanta. A gefe kuma akwai wata gwaggonsa da yake riƙo, tsohuwa, tana gyaran homa, wato ragar kamun kifi. Da gida ya zama kango, ya zauna shi kaɗai, sai ta ce, "Ni nik kwance shi. Na hwaɗa maka gindin jirginga ya ruɓe, kac ce in ji da ɗinkina. Da nig ga za ka ɗauki ɗiya ka shiga, sai nib ba gulbi jirgi, don kada in ba shi ku." Shi kuma zai ce, to don me ta yi shiru har gidansa ya watse. Sai ta ce, "Ka tambayi kowa cikin gidanga. Har jaki ka harara. Ni ba ka tambaye ni ba."

 Na san tun kafin a san talabijin yake juya wannan labari a ransa, yana jiran ya nuna. Na ce, "Malam, kada ka ba ni shi. Huskata za ta kashe shi. A nemo wadda ba a sani ba, ni in koya mata." Rahila tana nan ta kawo masa kunu, na ce ko ita. Ta ce, "Ni? Ina buɗe baki Argungu za su ce wace gwaggo ce wannan daga Jos." Gado ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ke da kanki, damina da rani kinka yi kahin ki iya ratsa hili da ƙwarya. Ni kuwa ba ni da wata damina. In ba ke kinka hwaɗi maganar nan ba, da ni za a binne ta. Mu gwada."

Muka yi shiri irin wanda ba mu taɓa yi ba. Na bar tsintsiya a gida. Na tafi Argungu tun kafin ranar, na zauna wurin matan masunta na koyi ɗaurin homa har yatsuna suka fashe, don kada wani masunci ya ga ƙulli na ƙarya. Muka yanke cewa ba zan shigo fili ba sam, don shigowa ce ke tona ni. Tun azahar, kafin mutum ɗaya ya zo, na zauna a gefen filin, bayana ga jama'a, homa a kan gwiwata ta rufe ni rabi, kamar wata tsohuwar unguwa da aka kafa zana kusa da ita ta ƙi tashi. Aka kawo Gado a amalanke aka zaunar da shi bayan zana inda zai ji komai. Sahabi, babban ɗan wasanmu da ya rage, shi ne masuncin. Bai san ƙarshen ba, kuma Gado ya ce masa ni zaman cika fili kawai nake yi.

Da la'asar fili ya cika, har bisa katanga. Aka fara. Mutane suka wuce ta gefena, wata har ta ce, "Inna, gusa mana," na gusa. Sahabi ya fito yana fahariya da jirginsa, ana dariya. Aka wayi gari a labari, ya fito yana ihu an kwance masa jirgi. Na ji filin ya ɗauke numfashi irin na da. Hannuna yana ƙulli, kunnena yana wurinsu. Na ce a raina, Gado, ka ci.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, tun kwanaki Alhaji Manu ya sa mota da lasifika tana zagaya gari, ana shelar a zo a ga Mai Tsintsiya ta talabijin. Mutanen nan ba jirgi suka zo nema ba. Wata mai tuyar kifi da ke gaba, murya gare ta kamar kakaki, ta ce, "Wai ina Mai Tsintsiyar? Anka ce tana ciki." Wani ya ce ta yi haƙuri za ta fito. Ta ce, "Ta hito ina? Ga matar, ba ita ba ta. Ga maƙwabciya, ba ita ba ta. To wa yar rage?" Na ji idanu suna yawo a filin kamar ana laluben allura. Na ƙara sunkuyawa. Sai ta tafa hannu. "La ilaha! Ga ta can bayan homa! Ke, mun gane ƙeyarki!" Kafin dariyar ta sauka wani daga kan katanga ya ce, "To ai shi ke nan. Ita tak kwance jirgin."

Daga nan ba wasa muka yi ba, jan gawa muka yi. Sahabi ya shaƙe ƙanensa yana zarginsa, wurin da ya kamata mata su yi salati, sai aka ce, "Kai wawa, saki yaro, waiga bayanka!" Ya kai maƙwabci gaban alƙali, aka ce, "Alƙali, aika a kamo tsohuwa, mu tahi gida!" Matarsa tana kuka da hawayen gaske tana ɗaure kaya, mutane suna riƙe ciki don dariya. Sahabi ya daure, ya daure. Daga baya, yana tsakiyar magana, ya waiwayo ya dube ni. Bai yi da gangan ba, wuyansa ne ya juya. Filin ya fashe.

Duk da haka na jira lokacina. Da ya zauna shi kaɗai, na ajiye homa, na miƙe, na juyo. Na ce, "Ni nik kwance shi." Iyakar abin da aka ji ke nan. Aka ɗauki tafi da guɗa, "Mun sani! Mun sani!" Na ɗaga murya na faɗi maganar ruɓewar jirgi, ni kaina ban ji ta ba. Mata suka shigo fili suna rungume ni, wani ya ɗaga homar sama yana rawa da ita. Sahabi yana tsaye kusa da ni kamar tsawon taɓarya, na ga bakinsa yana cewa, "Mi kinka ce?" Bai yi tambayar da zai yi ba, don bai ji abin da zai sa ya yi ta ba. Maganar jaki da harara ba ta fito daga bakina ba, ranar ko bayanta.

Alhaji Manu ya ratso jama'a, babbar riga tana jan ƙasa, ya ce, "Hajiya Mai Tsintsiya, kin biya! Wallahi tun da anka hwara hwarin nan ban ga garinga ya yi dariya haka ba." Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya cuce mu. Kowa ya koma gida da farin ciki.

Na zagaya bayan zana. Gado yana jingine, Rahila tana yi masa fifita. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ai ya ji. Ya ce, "Kin kai wurin jaki?" Na ce ban kai ba. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Sun san wa. Ba su tsaya sun ji don mi ba." Sai ya ce a ɗauko amalanke kafin sanyin gulbi ya taso. Bai ga damina ta gaba ba. An ci gaba da aiko mini, har daga Sakkwato, wai in zo in riƙe tsintsiya a yi dariya. Ban je ba. Wannan ba sana'ata ba ce.

Yanzu ina kallon finafinanku a wayar Nafisa. Da na ga an ɗauko wani babban ɗan wasa an sa shi direba ko mai gadi, yana buɗe ƙofa yana cewa sannu da zuwa, sai in ce mata kashe, shi ne mai sirrin. Tana fushi, wai na ɓata mata. Ba ni na ɓata ba. Wanda ya ɗauko shi ya san ba don buɗe ƙofa ya ɗauko shi ba, mai kallo ma ya sani. Kun sa hotonsa a gaba don a saya, sannan kuna son a yi mamaki. Mu da muka yi wannan kuskure, yunwa ce da rashin lokaci suka sa mu. Ku ban san abin da ya sa ku ba.

Kwanan baya wasu samari masu shirya fim suka zo gidan nan. An faɗa musu akwai tsohuwar da ke riƙe da labarin wani Malam Gado wanda ba a taɓa ƙarasawa ba. Ina ƙofar gida ina shara da hantsi suka sauka daga babur. Suna tsaye a kaina suna shawara, ɗaya yana cewa in an samu labarin, gurbin tsohuwar a ba wance, tunda ita ake yayi, a sa fuskarta babba a jikin talla. Shi ya sa bayan tafiyarsu na ce Nafisa ta ɗauko biro. Gara in binne labarin da hannuna, kowa ya ji don me, da a sake kashe shi a kan wa.

Da suka gama shawara, ɗayan ya ce, "Iya, don Allah nan ne gidan Mai Tsintsiya?" Tsintsiyar tana hannuna. Na ce nan ne. Ya ce ko tana ciki. Na ce ta daɗe da fita. Suka tsaya jim, suna duban cikin zaure ta saman kaina, ko za su hango ta. Ni kuwa na ci gaba da aikina, na tara dattin, na kwashe. Ɗayansu ya ɗaga ƙafa don kada in taɓa masa takalmi, bai dubi ƙasa ba. Suka hau babur suka tafi.

Fuskata ta dawo hannuna. Yau da za a kafa zana a Argungu, zan zauna bayan homa har ƙarshe ba wanda zai waiwayo. Sai dai Gado yana ƙasa, Sahabi yana ƙasa, Rahila ta koma garinsu, ni kuma in na zauna sai an kama ni nake tashi.